Jean Grey: Ƙarfinta, Iyakarta, da Katangar da Aka Gina Mata a Cikin Kai

Duk inda matasa suka ɗauko musun wa ya fi ƙarfi a X-Men, a teburin mai shayi a Kakuri ne ko a shagon tura fim a Sabon Tasha, sunaye uku ne ke yawo: Wolverine, Magneto da Jean Grey. Masu goyon bayan Jean hujjarsu ɗaya ce, ita ce ta mayar da Farfesa Xavier gari da kallo kawai. Masu adawa kuma sai su ce, to in haka ne me ya sa kullum tana riƙe da kai tana sumewa? Duka biyun sun faɗi gaskiya. Ƙarfin Jean daga ƙwaƙwalwarta yake fitowa, don haka duk abin da ya taɓa mata hankali ya taɓa ƙarfin. Ga bayanin yadda abin yake, daga littattafan zane zuwa fina-finai.

Asalinta

Stan Lee da Jack Kirby na kamfanin Marvel ne suka ƙirƙire ta. Ta fara fitowa a The X-Men fitowa ta 1, a watan Satumban 1963, da laƙabin Marvel Girl. Ita kaɗai ce mace a cikin ɗaliban Xavier biyar na farko. Sauran su ne Cyclops, Beast, Angel da Iceman. A labarin, 'yar wani malamin jami'a ce mai suna John Grey da matarsa Elaine, a jihar New York ta Amurka. Tana cikin waɗanda ake kira miyutan, wato mutanen da aka haifa da wani canji a halittarsu wanda ke ba su baiwa ta daban, yawanci ta bayyana lokacin balaga.

A fim mata biyu ne suka fi shahara da hawa wannan rol. Famke Janssen, 'yar ƙasar Holan, ta yi daga X-Men na 2000 zuwa 2014. Sai Sophie Turner 'yar Ingila, wadda kuka sani da Sansa a Game of Thrones, ta yi a Apocalypse na 2016 da Dark Phoenix na 2019.

Abin da take iya yi

Baiwarta ta farko ita ce telekinisis, wato motsa abu da tunani ba tare da an taɓa shi ba. Kalmar daga Girkanci take, "nesa" da "motsi", kuma wani Barashe mai binciken ruhohi, Alexander Aksakov, ake danganta wa ƙirƙirarta a 1890. Kafin wani ya tambaya: a zahiri ba wanda ya taɓa tabbatar da yana da ita. Uri Geller da ya yi suna da lanƙwasa cokula ya kasa yin komai a shirin Johnny Carson a 1973 da aka hana mutanensa taɓa kayan, kuma gidauniyar James Randi ta ajiye dala miliyan ɗaya ga duk wanda zai nuna irin wannan baiwa a ƙarƙashin gwaji, har aka rufe gasar a 2015 ba wanda ya ci.

A wajen Jean, telekinisis ɗin mataki-mataki ne. Mafi sauƙi shi ne ɗaga abu da jefa shi. Sama da wannan akwai yin garkuwar da ba a gani don tare harsashi ko wuta, da ɗaga jikinta ta tashi sama. Sai matakin da ya fi ban tsoro, inda ba girman abu take bi ba, ƙanƙantarsa take bi: tana kama ƙwayoyin da suka haɗu suka zama abu ta warwatsa su ko ta sake jera su. Da wannan take sauya kayan jikinta nan take a littattafan ƙarshen shekarun 1970, da shi ta haɗa jikin Emma Frost bayan ya tarwatse kamar gilashi a New X-Men na Grant Morrison, kuma shi ne kuke gani a The Last Stand idan mutane suna narkewa suna zama ƙura.

Baiwa ta biyu ita ce telefati: jin tunanin mutane, yi musu magana a zuci, sa su ga abin da babu. A 1963 ba ta da ita. Daga baya marubuta suka ƙara mata. Kuma ga wani abu da zai ba masu musu mamaki. A 2019, cikin House of X na Jonathan Hickman, Marvel ta fitar da jerin miyutan 'yan ajin Omega, waɗanda ba a san ƙarshen baiwarsu ba. Sunan Jean na ciki, amma a ɓangaren telefati. Wanda aka ba kambun telekinisis wani ne daban, Exodus. Ke nan a hukumance, ɗaga mota ba shi ne babban abin Jean ba.

Na uku shi ne Phoenix, kuma a nan ake samun ruɗani. A littafi, Phoenix wani ƙarfi ne na sararin samaniya mai rai, mai kamar tsuntsun wuta. Ya haɗu da Jean a X-Men fitowa ta 101, Oktoban 1976, lokacin da ta tuƙa kumbo ta cikin mummunan tururin rana don ceton abokanta, kumbon ya faɗa ruwan Jamaica Bay, ta fito da sabon suna. Chris Claremont ne ya rubuta, Dave Cockrum ya zana. A fim ɗin 2006 kuwa ba wani abu da ya shigo daga waje. Phoenix ɓangaren hankalinta ne. Fim ɗin 2019 ya koma kan na waje. Don haka idan ana musu, a fara tantance wace Jean ake nufi.

Iyaka ta farko: natsuwa da gajiya

Tunda da tunani take ɗagawa, sai ta tattara hankali wuri guda. Abin da ya fi nauyi ya fi cin ƙarfi, abubuwa da yawa a lokaci ɗaya sun fi abu ɗaya wahala. Idan aka razana ta ko aka rufe mata fuska, abin da ta riƙe zai faɗi. Ku tuna a X-Men na 2000, Toad, wanda ba wani babban bos ba ne, ya gama da ita ta hanyar tofa mata majina mai daskarewa a fuska. A fim ɗin dai ta gwada amfani da na'urar Cerebro ta Farfesa, ta sha da ƙyar. A X2 na 2003 an harbo wa jirginsu makamai masu linzami biyu, ta tarwatsa ɗaya, na biyun ya kufce mata.

Katun ɗin X-Men na 1992 zuwa 1997 ya zuzuta wannan raunin har ya zama abin dariya a intanet: ta kira sunan Scott, ta zube. Gaskiya an yi mata rashin adalci a nan. Marubuta ne kawai ke neman hanyar kawar da ita daga fage, don in ta tsaya da ƙafarta faɗan ba zai wuce minti ɗaya ba.

Iyaka ta biyu: katangar Farfesa

Nan ne zuciyar labarin. A littafi, Jean tana da shekara goma mota ta buge ƙawarta Annie Richardson a gabanta. A wannan lokacin telefatinta ya buɗe, ta shiga cikin kan Annie tana rungume da ita, ta ji fitar ranta kamar nata ne. Yarinya ta koma ba magana, ba shiga mutane, muryoyin jama'a na cika mata kai. Iyayenta suka kai ta wajen Charles Xavier, shi kuma ya toshe mata telefatin da wata katanga a cikin ƙwaƙwalwa har sai ta girma. An ba da wannan labarin a Bizarre Adventures fitowa ta 27, a 1981.

Fina-finai sun ɗauki katangar suka ƙara mata duhu. A The Last Stand, wanda Brett Ratner ya ba da umarni, an nuna Xavier da Magneto sun je gidansu tana ƙarama, ta ɗaga motocin unguwar gaba ɗaya tana zaune a falo. Xavier ya tsorata, ya killace mafi yawan ƙarfinta a can ƙasan hankalinta. Abin da aka killace bai mutu ba. Ya girma shi kaɗai a cikin duhu, ba tarbiyya ba linzami, ya zama wata Jean ta biyu mai bin sha'awa da fushi kawai. Da katangar ta rushe bayan ambaliyar tafkin Alkali, wanda ta fara kashewa shi ne masoyinta Cyclops, na biyu kuma malamin da ya gina katangar, a cikin gidan da ya fara ganinta.

A Dark Phoenix na Simon Kinberg laifin Farfesa ya fi fitowa fili. A 1975, Jean mai shekara takwas ta jawo haɗarin motar da ya kashe mahaifiyarta ba da niyya ba. Mahaifinta ya rayu amma ya ce ba zai iya riƙe ta ba. Xavier ya ɗauke ta, ya rufe mata tunanin abin da ya faru, ya bar ta a kan cewa uban ma ya mutu. A 1992, bayan ƙarfin sararin samaniya ya shige ta wajen ceton 'yan sama jannati, katangar ta tsage, ta ji muryar mahaifinta. Ta je gidansa ta tarar ko hotonta ɗaya bai ajiye ba. A ƙofar wannan gidan ta kashe Mystique, matar da ta zo lallashinta. Ramin ƙarya ƙurarre ne, kuma a nan wanda ya faɗa ciki ba shi ya haƙa ba.

A ganina Xavier bai yi don mugunta ba, kuma wannan ne ya sa labarin ke da ciwo. Ya yi irin abin da manya da yawa ke yi: yaro ya ga abin da ya fi ƙarfinsa, sai a ce masa ya manta, kar a sake tayar da maganar. Mutanen Kaduna ba sa buƙatar dogon bayani a kan wannan. Fim ɗin X-Men na farko ya fito a shekarar 2000, shekarar da rikicin watan Fabrairu ya sa dubban iyalai suka tsallaka kogi, wasu suka koma arewa wasu suka dawo kudu, aka sake wani a Nuwamban 2002. Yaran wancan lokacin su ne yayye da iyayen masu karanta wannan shafin, kuma a gidaje da yawa maganin da aka ba su shi ne shiru.

Iyaka ta uku: tsoron kanta

Ko babu Farfesa, Jean na taka wa kanta burki. A X-Men fitowa ta 108, a 1977, ta gyara wani dutse mai suna M'Kraan wanda fashewarsa za ta hallaka duniyoyi gaba ɗaya. Bayan wannan gagarumin aiki sai ƙarfinta ya ragu, kuma labarin ya nuna hankalinta ne da kansa ya rage shi zuwa abin da za ta iya ɗauka. Kamar dai fiyus ɗin mita: wuta ta yi yawa, ya yanke kafin gida ya kama.

A Apocalypse ma haka ne. Mafarki kawai take yi makarantar na girgiza, ɗalibai na gudunta, ita ma tana gudun kanta. A faɗan ƙarshe a Alƙahira, Magneto da Storm da Cyclops duk sun haɗu a kan bos ɗin, wanda Oscar Isaac ya hau, abin ya gagara. Bai faɗi ba sai da Xavier ya roƙi Jean ta saki abin da take riƙewa. Lura da abin dariyar: wanda ya koya mata dannewa shi ne ke roƙon ta daina, ranar da ransa ke hannun wani.

Wannan ne amsar masu cewa "me ya sa ba ta yi tun farko ba?" Jean ba ta da matsakaicin giya. Ko dai ta riƙe sosai har Toad ya iya da ita, ko ta saki har ba ta bambance abokin gaba da na gida. A tsibirin Alcatraz sojoji da miyutan duk ƙura suka zama. Wolverine ne kaɗai ya iya isa gare ta saboda jikinsa na warkewa yayin da take saɓule shi, kuma a ɗan lokacin da hankalinta ya dawo ita ta roƙe shi ya kashe ta.

Iyaka ta huɗu: mai shiga zuciya ana shiga tasa

Wanda ƙofar kansa ke buɗe don jin na wasu, wasu ma na iya shigowa. The Dark Phoenix Saga, X-Men fitowa ta 129 zuwa ta 138 a 1980, aikin Claremont da John Byrne, ba da faɗa ya fara ba. Wani mai rufa-ido da ake kira Mastermind, da sunan Jason Wyngarde, ya daɗe yana cusa mata wani mafarki: wai ita wata hamshaƙiya ce ta ƙarni na 18, shi kuma masoyinta. Da taimakon na'urar Emma Frost ya rinjaye ta har ta zama Baƙar Sarauniya ta ƙungiyar Hellfire Club. Mutumin da ko kujera ba zai ɗaga da tunani ba ya juya wadda ta ceci sararin samaniya, saboda ya gano abin da zuciyarta ke ɓoyewa.

Ta kuɓuce masa, ta haukata shi, amma ya riga ya ƙone fiyus ɗin. A fitowa ta 135 ta tashi zuwa wata duniya ta haɗiye tauraro don yunwa, mutanen D'Bari biliyan biyar suka hallaka. A ta 137, Satumban 1980, a kan wata, bayan X-Men sun kara da dakarun daular Shi'ar a kan ranta, ta ji abin na dawowa, ta kunna wani tsohon makami ta kashe kanta a gaban Cyclops.

Wani abin sani: ba haka aka tsara ƙarshen ba. Da cire mata ƙarfi za a yi ta koma gida. Babban editan Marvel na lokacin, Jim Shooter, ya ce wadda ta kashe duniya guda ba za ta tafi haka nan ba. An buga ƙarshen farkon a 1984 da sunan Phoenix: The Untold Story. Sai a 1986 da ake son dawo da ita aka ce ai ba Jean ce ta yi ɓarnar ba, Phoenix ne ya kwaikwayi siffarta, ita tana kwance a ƙarƙashin Jamaica Bay. Dabarar ta wanke ta daga laifi, amma ta rage wa mutuwar nauyi, kuma har yau masoya ba su gama jayayya a kai ba. Ta auri Cyclops a 1994, ta sake mutuwa a New X-Men fitowa ta 150 a 2004, ta dawo a ƙarshen 2017.

Aljani ne ko ciwo?

Bahaushe ya ga mace ta sauya murya, ido ya yi baƙi, ƙarfi ya ninku, daga baya ta farfaɗo tana tambayar me ya faru, kai tsaye zai ce iska ce, a nemo mai ruƙiyya. Siffar 1976 da ta 2019, inda abu ke shigowa daga waje, ta yi kama da wannan fahimtar. Ta 2006 kuwa daga littafin likitocin ƙwaƙwalwa aka aro ta: rabuwar hankali, inda mutum ke zama kamar mutane biyu ko fiye a jiki ɗaya, abin da likitoci ke yawan dangantawa da mummunan tashin hankali a yarinta. Sophie Turner ta faɗa a hirarraki cewa ta yi nazarin wannan lalurar da kuma sikizofiriniya kafin ɗaukar fim ɗin 2019.

A kula da abu biyu. Lalurorin nan biyu ba ɗaya ba ne, ko da yake mutane na haɗa su: mai sikizofiriniya na iya jin muryoyi ko yarda da abin da babu, amma ba rabuwa gida biyu yake ba. Sannan fim ya ƙara gishiri sosai. Mafi yawan masu irin wannan ciwo ba masu kai hari ba ne, su aka fi cutarwa. Kuma ana duba su. Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya yana nan Barnawa, aikinsa ke nan, duk da yadda aka mayar da sunan unguwar abin tsokana idan mutum ya yi wani shirme.

'Yan uwanta a wasu fina-finai

Kusan duk mai telekinisis a fim sai an haɗa shi da wani rauni. Carrie ta Stephen King, littafin 1974 da fim ɗin 1976, wulaƙancin 'yan makaranta da takurar uwa ne suka fasa ta. Eleven ta Stranger Things hancinta na zubar da jini idan ta yi aiki, kuma daga fushi da tuna baya take jawo ƙarfi. Tetsuo na Akira, 1988, jikinsa ne ya kasa ɗaukar abin.

Masoya fim ɗin Indiya kuma kuna da naku: Kaal na Krrish 3, 2013, wanda Vivek Oberoi ya hau. Yana kan keken guragu, kansa da yatsu biyu kaɗai ke motsi, amma da su yake juya ƙarfe da mutane. Shi kishiyar Jean ne. Iyakarsa a jiki take, zuciyarsa ba ta da waigi, shi ya sa da ya samu lafiya ya zama annoba nan take. Jean jikinta lafiya lau, abin da ke riƙe ta tausayi ne da tsoro. Idan aka cire su, ta wuce Kaal nesa ba kusa ba.

Wanne za a kalla?

In don Jean ne, a fara da X2. Mintunan ƙarshe, inda ta fita daga jirgi da ƙafa mai ciwo, ta ɗaga shi da hannu ɗaya ta tare ruwan dam da ɗayan, ta kuma hana Nightcrawler ɗauko ta, su ne wuri ɗaya da aka nuna ta da cikakken ƙarfi da cikakken hankali a lokaci guda. The Last Stand ya cusa labarinta cikin na allurar warkar da miyutan, har ta koma tsayuwa bayan Magneto shiru kusan rabin fim. Dark Phoenix ya ba ta fili amma bai yi kasuwa ba: kusan dala miliyan 250 ya tara a duniya, kuma ya fito watanni kaɗan bayan Disney ta sayi Fox a Maris 2019. Katun ɗin X-Men '97 na 2024 ya fi su kusa da littafi, har da Madelyne Pryor, kwafin Jean da Mister Sinister ya ƙera.

Masu kunnen kiɗa kuma, John Powell ne ya yi na The Last Stand, Hans Zimmer ya yi na Dark Phoenix. Ku sa abin ji a kunne ku saurari wurin da gidan su Jean ke tashi sama a na Powell, inda muryoyin mawaƙa ke hauhawa tare da gidan, sannan ku kwatanta da faɗan jirgin ƙasa a na Zimmer.